Minti Goma a Gurbin Fashi

Na fara ganin mutumin da muka riƙa kira Minti Goma ranar Litinin, 3 ga Yuni, 2002, da ƙarfe takwas saura kwata na safe. Ni ne akawun maɗaba'ar, teburina yana bakin ƙofar hawa na biyu, duk wanda ya shigo sai ya bi ta gabana in sa shi a rajista. Ya zo da jakar leda ɗauke da fensira, da kwalbar tawada, da wani ƙaramin agogon tebur. Mai maɗaba'ar, wanda muke ce wa Manaja, shi ya riƙo hannunsa har gabana.

"Akawu, ga sabon mai zanenmu. Benci ɗaya muka zauna a makaranta, yana zana mini taswira ina cin maki. Duk abin da ya ce yana so, a yi masa."

Abin da yake so ba shi da yawa. Kafin ya zo mana ya yi shekara huɗu yana zane a wata jarida, kullum, har da ranakun hutu. Wata safiya ya zauna gaban takarda hannun ya ƙi. Likita ya duba bai ga komai ba. Wata takwas ya yi a gidan yayarsa, ko kan kaza bai iya zanawa ba. Da hannun ya dawo sai ya kafa wa kansa doka: zane minti hamsin, hutu minti goma, sau shida a wuni. Hoto huɗu a rana, ko za a durƙusa masa ba zai yi na biyar ba. Ranar Alhamis zai zo aiki amma ba zai taɓa alƙalami ba, sai gyaran kayan aiki da duba abin da aka buga.

"Ni ban yarda da kaina ba, Akawu," in ji shi. "In zane ya yi daɗi sai in zarce. Ka riƙa sa mini alama duk lokacin da na tashi, ƙarshen mako in zo in ƙirga."

Rajistarmu gurbi biyu gare ta gaban kowane suna, ɗaya an buga masa Aiki, ɗaya Fashi. Babu gurbin hutu. Na Aiki ya cika da lokacin shigowa da adadin abin da mutum ya kammala, na Fashi kuwa fari ne fes. Don kada in ɓata shafi da rubutu a gefe, sai na riƙa yin 'yar da'ira a gurbin Fashi, shida kowace rana. Manaja ya gani tun makon farko, ya yi dariya ya ce kamar ƙwan tsuntsu.

Agogon na kaɗawa zai ajiye alƙalami, ko da idon akuya ɗaya ya zana saura ɗaya. Ya je taga ya harɗe hannu a baya, yana kallon mai facin taya a ƙetaren titi. Mai kula da injin buga takardu ba ya barin wannan ta wuce shi.

"Minti Goma, an tashi tara?"

"An tashi, Baban Inji. Kai ci gaba. Injinka ba ya gajiya, kai ba ka tunani, kun dace da juna."

Matar mai zanen ta taɓa kawo masa tabaronsa da ya manta, ta ce mana a gida ma haka suke fama. "Ko labari yake ba yaran nan, agogon na kaɗawa zai bar zaki da baki a buɗe, 'yar autar ta yi ta kuka."

Shekara goma da wata takwas yana kan wannan. Littattafan koyon karatu na yara da muka buga a lokacin, duk hotunansu nasa ne, kuma ban taɓa rubuta cewa aikinsa ya makara ba.

A Fabrairun 2013 Manaja ya samo babbar kwangila: hoto ɗari uku da sittin cikin mako shida. Ya zo ya ɗosana a gefen teburin mai zanen, ina ji ina gani.

"Ɗan'uwa, goma a rana. Mako shida kawai."

"Ka san abin da ya same ni a baya."

"Na sani mana, ba ni na riƙa zuwa gidan Yaya duba ka ba? Amma in wannan aiki ya kufce mini, na kunyata. Ka rufa mini asiri. Ana gamawa ka tafi hutun wata guda cur, ko inuwarka kada in gani. Akawu, ka zama shaida."

Na ce na ji. Ban rubuta ba, don rajistar ba ta da gurbin alkawari.

Ranar Litinin, 18 ga wata, Minti Goma ya kawo agogonsa ya ce in kulle a aljihun teburina. Ya daina zuwa taga, Alhamis ta zama kamar kowace rana. A mako na huɗu ya daina mayar wa Baban Inji magana, shi ma ya daina tsokanarsa. Ranar Asabar, 30 ga Maris, ya miƙa hoto na ƙarshe.

Da ya tambayi hutun, Manaja ya ce masu kwangilar sun dawo da hoto arba'in a gyara, ya daure ya gama wannan tukuna. Minti Goma ya koma ya zauna. Mako uku yana zuwa kan lokaci, ya fere fensir, ya shimfiɗa takarda, a tashi aiki takardar tana nan fara.

Sai Manaja ya ce in kawo masa rajistocin duka, yana so ya rubuta wa abokinsa takardar yabo kafin ya sallame shi hutun. Na ji daɗi. Na kakkaɓe su ɗaya bayan ɗaya, guda goma sha ɗaya, na jera su bisa shekara, na kai masa da kaina.

Ranar 6 ga Mayu aka miƙo mini takarda in sa mata lamba in ajiye kwafi. Ta kora ce. Ta ce bisa ga rajistar ma'aikata, mai zane ya yi fashin aiki sau 16,212, wato awa 2,702.

Na shiga ofishinsa ban ƙwanƙwasa ba, abin da ban taɓa yi ba.

"Ranka ya daɗe, wannan ai hutunsa ne. Da yardarka aka yi."

"Me aka buga a saman gurbin?"

"Fashi. Amma gurbin kusa da shi ya nuna hoto 10,808 ban da na kwangilar nan, babu wanda ya makara."

"Ban tambaye ka wancan ba. Da hannuna aka sa su a Fashi ko da naka?"

"Alkawarin wata gudan fa? Ka ce in zama shaida."

"Nuna mini shafin."

Ni na kai wa Minti Goma takardar, don raba takardu aikina ne. Ya karanta sau biyu, ya cire tabaro.

"Lissafin daidai ne, Akawu?"

"Na sake ƙirgawa. Daidai ne."

"Ai na san ba ka kuskure."

Bai nemi ganin Manaja ba, Manaja ma bai fito ba. Baban Inji ya kashe injinsa ya raka shi har ƙasa.

Na rubuta bayani shafi uku a kan ma'anar da'irorin, na sa hannu na miƙa. Ba a amsa ba. Kafin ƙarshen watan aka ɗauki wani mai zane da kwamfuta. Littattafan farko ana ci gaba da buga su da hotunan Minti Goma, amma daga bugun 2014 an cire sunansa daga bango.

Yanzu yana aiki a shagon kayan gini na ƙanen matarsa, yana auna ƙusa yana miƙa fenti. 'Yarsa ta fari ta gama makarantar koyon jinya. In na bi ta layin mukan gaisa. Bai sake zane ba.