Shanun Kuri Masu Iyo

"Kaka, saniya ba ta iyo." Haka jikana Sadiq ya yanke mini hukunci jiya a falonmu na garin Sterling, nan ƙasar waje, da Turanci ma, ko kai bai ɗaga daga kwamfuta ba.

Aikin makaranta aka ba su, kowa ya rubuta kan dabbar da ta kusa ƙarewa. Shi ya zaɓi panda. Na ce, "Maigida, ka taɓa shan nonon panda?"

Sai na ba shi labarin shanun Kuri na tsibiran Tafkin Chadi, da na gani ina yarinya a Baga. Farare ne, ƙahonsu kamar tulu. In ciyawa ta ƙare a tsibiri sai su faɗa ruwa, makiyayi riƙe da wutsiyar ta baya, hanci da ƙaho kawai ake hange. Yanzu ruwa ya ja baya, an gauraya su da wasu shanun. A gidan nan ni kaɗai na taɓa ganinsu, in na tafi labarin ya bi ni.

Ya ɗauko waya don ya kama ni da ƙarya. Sai ga hotonsu suna iyo. Can sai ya jawo kujera, ya danna ɗaukar murya, ya ce da Hausarsa mai ɗingishi:

"Kaka, sake faɗa. A hankali."

"Sai ka dafa mini shayi tukuna, malamai ba sa magana da busasshen maƙogwaro."

Wallahi ya dafa!

Ashe yaran nan na so, mu ne ba ma zama mu faɗa musu. Ku me kuka gani a gida da ya kamata jikoki su ji?