Rariya a Gaban Makirfo

Injiniya ake ce masa a layin, alhali ko ƙofar makarantar injiniyoyi bai taɓa leƙawa ba. Da gyaran rediyo ya fara, a wani ɗan shago mai warin dalma da ƙonanniyar waya. Da kasuwar rediyo ta ja baya ya koma kwafar kaset. Da kaset ya mutu sai ya tattara komatsansa ya dawo gida, ya share ɗakin ajiya, ya manna tsofaffin katifu a bango, ya kafa makirfo a tsakiya. Daga nan sana'arsa ta zama ɗaukar muryar talla. Mai tura baron sabulu, mai man shafawa, mai maganin sauro, duk wanda ya gaji da ihu cikin rana sai ya zo a ɗaukar masa talla, ya zuba a 'yar lasifika ya rataya, ita ta yi ta ihun a madadinsa.

Muryar kuwa ba tasa ba ce. Tasa kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Ta matarsa ce, wadda masu baro ke kira Anti. Allah ya ba ta murya mai sanyi, in ta ce sabulun nan yana fitar da datti sai ka ji kana neman aljihunka.

Ranar farko da ya tsayar da ita gaban makirfo, da suka saurara sai ga wani buf, buf, duk inda iskar bakinta ta bugi ƙarfen. Injiniya ya ɓata rai. Ya lanƙwasa wayar rataye kaya ta zama zobe, ya zaro wata siririyar safarta daga akwati ya shimfiɗa a kai, ya ɗaure tsakanin bakinta da makirfo.

"Yau kuma tankaɗe ni za ka yi?" in ji ta, tana dariya har da riƙe ciki.

Tun daga ranar sunan abin ya zama rariya. Kuma ta yi aiki, don murya na wucewa, iska na tsayawa.

Injiniya mutum ne mai tsabtar aiki, har ta yi masa yawa. Abin da rariya ba ta tare ba, shi yake bi ya cire a kwamfuta. A fuskar na'urar magana tana fitowa tudu-tudu, numfashi kuma ɗan ƙaramin tudu ne a tsakani. Sai ya kama shi ya yanke, ya haɗe bakin maganar yadda ko kai ne wa ba za ka ga ɗinkin ba. Yakan ce mai saye ba numfashi ya zo ji ba. Da ya gama kuma sai ya goge na asalin, wai kada shara ta cika masa na'ura.

Haka suka yi shekaru. Da wannan ɗakin suka ci suka sha, da shi suka karantar da 'yarsu tilo har ta zama ma'aikaciyar jinya, ta samu aiki a wani gari mai nisa.

To, sannu a hankali sai ƙananan tudun nan suka fara girma. Anti takan tsaya a tsakiyar jimla ta ja iska, ta ci gaba. Me Injiniya zai yi? Ya ninka safar. Da hakan bai isa ba ya je kasuwa ya sayo rariya ta gaske, mai yadi biyu da wuya mai lanƙwasa, ya dawo yana taƙama. Ya matsar da Anti baya kaɗan. Ya kawo mata kujera. Ya riƙa gutsuttsura tallar, ta faɗi layi ɗaya ta huta, shi ya ɗinke. Can kuma wani siririn fito ya fara biyo numfashin, ya kwashe mako yana fama har ya gano yadda zai kashe shi ba tare da ya taɓa muryar ba. Ranar har ya kira ta ta zo ta ji gwaninta.

Abin haushin ke nan, kuma in na tuna sai raina ya ɓaci. Mutumin nan da abin sauraro a kunnuwansa, yana jin ƙirjin matarsa fiye da yadda likita zai ji da robarsa, kullum, amma shi abin da yake ji matsalar aiki ce. Ba don ba ya sonta ba. Wallahi in ta yi tuntuɓe shi ke cewa wash. Kawai dai kunnensa ya saba, ya ji numfashi sai hannunsa ya kai ga yankewa.

Ya taɓa tambayarta sau ɗaya, yana kallon kwamfuta.

"Wai lafiya kike wannan haki?"

"Ɗakin nan naka ne, ko sauro ya shigo sai ya suma. Ga kuma girma ya fara zuwa."

Ya yarda. Ya riƙa buɗe ƙofa tsakanin ɗauka da ɗauka.

In 'yar ta kira waya, Anti ba ta doguwar magana. Gaisuwa ce kawai, sai ta ce ga babanki. Hirarta ta gaske a gaban makirfo take yi, bayan an gama talla: labarin maƙwabta, faɗan a riƙa cin abinci, addu'a.

"Ka goge mini hakin nan kafin ka tura mata," takan ce. "Ka san 'yarka, yanzu sai ta ɗaga hankalin duniya."

Shi kuma ya yi dariya ya goge, ya tura saƙo tas.

Wata safiya, ana cikin tallar man shafawa, maganar ta tsaya ba ta ci gaba ba. Ya ɗago kai daga kwamfuta ya tarar ta dafe kujera, leɓɓanta sun canza launi. A asibiti likita ya ja shi gefe ya ce zuciya ce, ruwa ya taru a ƙirji, kuma ba abin jiya ko shekaranjiya ba ne. Ya tambaye shi tun yaushe take haki.

 Injiniya ya san amsar fiye da kowa a duniya. Ya san tallar da hakin ya fara a cikinta, ta wani mai maganin sauro ce, kuma mutumin har ya daina sana'ar.

"Da an kawo ta tun lokacin, da da sauƙi," in ji likita, ya dafa kafaɗarsa ya wuce.

Anti ta cika tun 'yar tana kan hanya. Allah ya jiƙanta.

Bayan masu gaisuwa sun watse gida ya rage su biyu. 'Yar ba ta ci, ba ta magana, ta rame ta yi wuri-wuri. Wata rana da hantsi ya same ta zaune a bakin ƙofar ɗakin katifu, waya a kunne. Saƙon uwarta na ƙarshe take ji, in ya ƙare ta maimaita.

"Baba, aikina ke nan," ta ce, ba ta kalle shi ba. "Uwar wani in ta shigo, daga bakin ƙofa nake gane numfashinta. Ina ta neman inda Umma ta nuna mini alama ban lura ba. In na same shi, ba zan taɓa yafe wa kaina ba."

Ta ƙara sautin, ta miƙo wayar tsakaninsu. Muryar Anti ta cika wurin, tana zuba santala-santala, tana faɗan a riƙa cin abinci. Injiniya yana jin kowane ɗinki. Ya san nan ta tsaya ta dafe ƙirji, nan ya buɗe mata ƙofa, nan ta sha ruwa.

"Ka ji ko?" in ji 'yar, hawaye na zuba. "Magana doguwa haka, ko tsayawa ba ta yi ta ja iska ba. Mai ciwon da ya daɗe ba ya iya wannan. Farat ɗaya ya zo mata, ko Baba? Ba ta sha wahala ba, ko?"

Ya dubi fuskar yarinyar, ya ga yadda ta rataya a kan amsarsa. 

"Haka ne, 'yata," ya ce. "Farat ɗaya ne."

Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta jingina kanta a gwiwarsa ta yi kuka mai isarta. Da rana ta tashi ta ɗora tukunya, ta zuba musu a kwano ɗaya. Ta ci sosai. Shi ma ya sa hannu, don tana kallonsa.