Muryar Yayana a Injin Ƙyanƙyasa

Yayana ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a jami'a, kuma shi ya haɗa wa Mama injin ƙyanƙyasar ƙwai a gidanmu na Samaru. Akwatin katako ne, da wani ɗan koren allo a ciki mai kula da zafi. Da yake mutum ne mai barkwanci, sai ya sa masa 'yar lasifika ya naɗi muryarsa. Duk sanda wuta ta dawo, injin ya farka, sai ka ji: "Mama, an kawo wuta."

Ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Muryar ta zauna.

Da farko sai an ɗauke wuta an dawo da ita yake magana. Daga baya abin ya canja. Da rana tsaka, fanka na juyawa, kwan fitila bai ko ƙifta ba, sai muryar ta fito daga baranda. Wani lokacin ba ta ƙarasawa. "Mama... Mama, an ka... Mama." Ina wanke-wanke in tsaya cak da kwano a hannu. Mama kuwa amsawa take yi a hankali: "Na'am, ɗana." Matan zumuntar cocinmu suka zo suka yi addu'a. Ƙwai kuma suka riƙa lalacewa, zubi bayan zubi.

Na ce zan kai allon gyara. Mama ta ce, "Ki bar min shi." Sai da na yi mata alkawarin ba za a taɓa muryar ba.

A Sabon Gari akwai wani Inyamuri mai gyaran rediyo, abokin yayana tun suna samari. Ya jona allon a kan teburinsa, muryar ta fito. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya saurara har ta ƙare.

Sannan ya nuna min wani abu kamar ƙaramin gwangwani, kansa ya kumbura. "Ƙanwata, kin ga wannan? Kafasito ne. Shi ke tace wutar kafin ta shiga allon. Ya bushe. Yanzu ko injin niƙan maƙwabta aka tayar, wuta ta ɗan girgiza, allon sai ya mutu ya farka, ya ɗauka yanzu aka kawo wuta. Shi ya sa zafin ba ya tsayawa."

Na ce, "Ke nan ba yayana ba ne."

Ya ce, "Shi ne mana. Muryarsa ce."

Ya canja gwangwanin, ya sa sabon fis, ya ƙara wani abu mai tare wuta idan ta zo da ƙarfi. Ya narka dalma ya liƙe su.

Na mayar da allon cikin injin, muryar ta daina fitowa sai in an kawo wuta. Gida ya yi tsit. Tsit ɗin ya fi muryar nauyi. Zubi na gaba ya ƙyanƙyashe kusan duka, baranda ta cika da kukan 'yan tsaki. Mama ta zuba musu dusa ba ta yi murmushi ba.

Wata Lahadi bayan mun dawo daga coci, na same ta tsaye gaban injin, ko ɗankwali ba ta cire ba, yatsanta a kan makunnin bango. Ta kashe, ta ɗan jira, ta kunna. Na koma ɗaki da baya don kada ta gan ni.