Gajera, wuƙar Baba da ba ta shiga akwati ba

Shekara bakwai ke nan, da kakar gyaɗar nan, tun da aka fitar da mahaifina Nomau daga zaurensa aka kai shi makwanci. A Maraɗi ba kowa ya san shi da wannan suna ba, amma in ka ce Baba Mai Wuƙaƙe, ko baƙon da ya kwana biyu a gari zai nuna maka ƙofar. Ban yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba, hannuna ba ya sauri a rubutu. Sai dai bana na ga abin da ba zan iya barin shekarar ta wuce ban faɗa ba.

Baba tsohon soja ne. Yana saurayi aka ɗebe shi yaƙin Nasara na fari, aka haye da shi teku. Ya dawo da ɗingishi da banati guda, wato doguwar wuƙar nan da ake kafawa a bakin bindiga. Labarin yaƙin bai taɓa ba mu ba. Amma duk sojan da ya dawo ya rasa yadda zai yi da wuƙarsa, wurin Baba yake kawo ta. Wani matarsa ce ba ta son ganinta a ɗaki, wani kuwa shi kansa ne ba ya so. Maharban fadamar Jiratawa ma, in tsufa ya hana su daji kuma ƴaƴansu sun koma noman gyaɗa, sukan kawo tasu. Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Ranar Juma'a da hantsi sai ya shimfiɗa buzu, ya buɗe akwatin katako, ya riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya yana gogewa da tsumma da man gyaɗa, yana kiran kowace da sunan mai ita kamar yana gaishe shi.

Shekarar da Gulbi ya ci tsohon gari muka gudo tudu, akwatin nan ya fara ɗorawa a kai. Inna ba ta daina yi masa gori ba har ta rasu, wai mutane na ceton hatsi shi yana ceton tsohon ƙarfe. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce ai hatsin nasa ne, wuƙaƙen kuwa ajiya aka ba shi.

Kowa ya san in mace ta haihu ana ajiye wuƙa wajen kan jariri har a yi arba'in, don kada iska su matso. Wata maƙwabciyarmu ce ta fara aiko wa Baba aro, saboda wuƙa ɗaya gare ta kuma da ita ake girki. Daga nan abin ya bazu. Kafin ya ba da aro sai ya ɗinke bakin kuben da tsirkiyar fata, don kada wuƙar ta zame kusa da yaro. Ranar arba'in kuma shi da kansa yake zuwa karɓa, da ɗingishinsa, in Tibiri ne ko Jiratawa ya hau jaki. Ya ga yaro, ya sa albarka, ya sha fura, ya dawo. Ban san wace ce ta fara ba, amma kafin a mayar masa, uwa takan zare zare ɗaya daga majanyinta ta ɗaura a jikin kuben.

Wadda mata suka fi nema ita ce mafi muni a cikin akwatin. Ta wani tsohon maharbi ce, mariƙinta na ƙaho ya tsage an naɗe da fata, tsininta ya karye. Shi ya sa Baba ke ce mata Gajera. Wata rana malamin unguwarmu ya tambaye shi ko shi ma ya yarda ƙarfe na tsare rai. Ina bakin ƙofa na ji amsarsa: "Allah gafarta Malam, rai na Allah ne. Amma in uwa ta ga wuƙar nan tana samun barci, in ta yi barci nono ya zo. Ni iyakar sanina ke nan."

Bayan rasuwarsa, yayana Isuhu, wanda ke awon gyaɗa a wani kanti, ya shiga damuwa. Yana tsoron wata rana a kai wa kumandan, Nasaran da ke mulkin gari, ƙara cewa akwai makamai a gidanmu. A kantin akwai wani Nasara da shi ma ke tara tsofaffin wuƙaƙe. Ya zo zaure, ya cire hula, ya duba su a hankali, kuma ga alama ya san kowace da inda aka ƙera ta. Yaya ya ba shi akwatin duka. Ban ga laifin Yaya ba, har yau. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na ga Nasaran yana yanke zaren da ke jikin kube yana zubarwa, don a ganinsa datti ne. Da ya tafi na share zauren, zaren duk ya bi shara.

Na yi aure, na haifi ɗana na fari. Wuƙar madafa aka sa masa. Bai cika arba'in ba ya koma. Na sani kwanansa ne ya ƙare, Malam ya faɗa, maigidana ya faɗa, ni ma na faɗa wa masu gaisuwa. Amma zuciyar uwa ba ta jin magana. Can ƙasanta na riƙa cewa da ta Baba ce a wajen kansa.

Bana Allah ya sake ba ni namiji, aka sa masa sunan Baba. Tun ranar da ya faɗo ban san barci ba. Yatsana kullum yana ƙarƙashin hancinsa. In ya yi shiru na firgita, in ya yi kuka na firgita. Ƙanwar Baba, Gwaggo Tsahara, wadda ke yi mini wankan jego, ta dube ni ta ce in na ci gaba haka nonon zai ƙafe. A nan ne ta tuna cewa ba ta ga Gajera ba ranar da aka ba da akwatin. Baba ya kai ta Jiratawa gab da ya kwanta ciwo, kuma bai tashi ba balle ya je karɓa.

Washegari Gwaggo ta shiga motar gyaɗa. A Jiratawa aka kai ta gidan da Baba ya bar wuƙar, gidan Anna ne, masu bin al'adar kakanni. Matar gidan ta ce sun jira shi har suka ji rasuwarsa, sai maƙwabciya ta haihu, suka miƙa mata. Daga nan wuƙar ta riƙa tafiya gida gida, masu salla da marasa salla, har wata amarya ta haye da ita Tibiri. Gwaggo ta bi sawu, ta same ta a ɗakin wata yarinya mai suna Habsu. Gwaggo ta ce mata wuƙar ta gidanmu ce, ɗiyar mai ita ta haihu. Ta karɓo.

Da ta sa mini ita a hannu ban gane ta ba. Kuben ya ɓace cikin zare, fari da baƙi da shuɗi, wani ya koɗe wani sabo. Na kai hanci na ji man gyaɗa. Tsirkiyar bakin kuben sabuwa ce, an ɗinke ta daidai yadda Baba ke yi. Shekara bakwai, ba wanda ya sa su.

Na ajiye ta wajen kan yarona, na ji ƙirjina ya sauka. Sai na tambayi Gwaggo yadda ta baro gidan. Ta ɗan kau da kai. Ta ce haihuwar fari ce, ɗiya mace, ta zo ba a kan watanta ba, ƴar mitsitsiya. Ta ce Habsu ba ta yi musu ba, ita da kanta ta ɗaga tsumman kan jaririyar ta miƙo wuƙar da hannu biyu. Abin da ta tambaya kawai shi ne ko za ta iya ɗaura zarenta yanzu, ko ba ya halatta tun da ba ta yi arba'in ba. Gwaggo ta ce mata tukuna.

Na bar wuƙar a wurin har la'asar. Ina kallonta ina ganin wurin da ta bari a wancan ɗakin, domin na san yadda ido ke komawa irin wannan wuri. Da maigidana ya shigo na roƙe shi ya hau keke ya mayar da ita Tibiri kafin rana ta faɗi. Gwaggo ta saki zanin da take linkewa.

"Ke ɗiyar nan, kin manta abin da ya same ki?"

"Ban manta ba, Gwaggo. Shi ya sa."

Kada mai karatu ya ɗauka na yi ƙarfin hali. Keken na fita na yi kuka, na so in aika a tsayar da shi. Makonnin da suka biyo baya, yaron na yin atishawa na ce a kai shi wajen lokotoro a asibiti, har mutumin ya fara dariya in ya hango maigidana. Wuƙar madafa ta koma wajen kansa, irin wadda aka sa wa yayansa, kuma duk safiya sai na duba ta da ƙiyayya.

Saura ƴan kwanaki in yi arba'in, ranar kasuwa, aka yi sallama a tsakar gida. Wata siririyar yarinya ce da ƙura har gwiwa, da ƙwarya a kai, da goyo. Habsu ce, da ƙafa ta zo daga Tibiri. Ta durƙusa ta gaida Gwaggo, ta kwance ƙullin zani ta ce da ni, "Yaya, ga ajiyarku." Ta sauke goyon. Ɗiyar da aka ce mitsitsiya ce ta yi kumatu, tana harbin iska. A kan kuben akwai sabon zare kore. Gwaggo ta rasa inda za ta sa idonta, sai ta shiga yi wa Habsu faɗan fitowa cikin rana da jaririya, tana dama mata fura tana faɗan. Da azahar ɗin nan na kwanta, sai da aka girgiza ni aka ce yaro na neman nono.

Yanzu gari ya canza. Motocin gyaɗa sun fi jakuna yawa a hanyar Tibiri. An buɗe gidan haihuwa, kuma ungozomar can ba ta yarda a sa wuƙa a gado. Maza na taruwa suna zancen ƙuri'a, wasu na cewa Nasara sun kusa tafiya. Ina tambayar kaina me Baba zai ce. Ina jin ba zai yi wa ungozomar gardama ba, zai ce a bi maganarta a can, in an dawo gida ga wuƙa. Zancen ƙuri'a kuwa zai saurara ya yi shiru, yadda yake yi in an ambaci yaƙi. Akwatin ne na san zai yi masa ciwo. Amma da ya ga Yaya Isuhu ranar da ya zo ɗakina ya tarar da Gajera, yadda Yayan ya juya ta ya sake juyawa, sannan ya ce a ba shi tsumma da mai, ina jin da Baba ya huce.

Banatin da sauran masu kyau suna can ƙetaren teku, wataƙila a jikin bangon wani ɗaki. Ina fata ana shafa musu mai. Ba wanda zai ƙara kiran sunayen masu su, ni ma yawancinsu sun ɓace mini. Abin da ya rage na Baba a ƙasar nan shi ne wuƙa mai karyayyen tsini, da yara a Maraɗi da Tibiri da Jiratawa da suka yi barcinsu na fari a gefenta, ba su ma san sunansa ba. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta da ɗingishin nan.

Gajera ba ta ɗakina yanzu. Na ɗaura zarena, ja ne, kusa da na Habsu. Wata mata a Sabon Gari ta sauka makon jiya, na goya mai sunan Baba na kai mata da kaina. Ta tambaya wa za ta ba in ta gama. Na ce ta riƙe, ranar arba'in zan zo in ga yaron.