Siracen Saude

Kafin abin nan ya faru ban taɓa ganin Saude, matar yayana Barau, zaune hannu biyu a kan cinya ba. Ko gaisuwar mutuwa muka je, yatsunta na can suna tsifar bakin tabarmar mutane. Ni Ramlat na sha ce mata ko a kan babur aka haife ta rawar jikinta ba za ta wuce haka ba, ita kuma ta ce in bari sai na iya dama kunu babu gudaji sannan in sa baki.

A wani ƙauye na ƙasar Ruma aka haife ta, can ta koyi haɗa humra da turaren wuta a wurin kakarta. Da 'yan bindiga suka hana mu zaman ƙauyen muka kwaso muka dawo cikin Batsari, sai abin nata ya ƙaru. Babu gona, babu akuyar da za ta bi, ga ɗakin haya kamar akurki. Sai ta huce a kan kwalabe: yau sabulun ruwa, gobe man shafawa, jibi zoɓo mai ƙamshin abarba. In ta ga sabon abu a kasuwa, shinshinawa take ta ce, "Wanga ai ina iya haɗa shi." Abin haushin kuma, yawanci tana iyawa.

Shi Yaya Barau acaba yake yi, yana kai mutane Wagini da Ruma. An san shi da gaisuwa. In ya tsaya gaida dattijo a hanya, fasinja mai hankali sauka yake ya miƙe ƙafa. Da numfashi ɗaya zai tambayi kwana, gajiya, iyali, ruwa, shanu, har jakin da ya gurɗe bara, bai haɗiye yawu ba. Aibinsa ɗaya ne, sigari. Ka duba fa, mace mai sana'ar ƙamshi da miji mai warin taba! Ranar da wata mai saye ta dawo mata da humra ta ce tana jin hayaƙi a ciki, gidan nan bai zaunu ba.

Ana cikin wannan rigima wani fasinja ya kawo masa 'yar shishar nan ta aljihu daga Katsina, wadda ake yi wa caji kamar waya, a ɗura mata ruwa mai ƙamshi a zuƙa. Yaya ya ajiye sigari. Saude ta wanke labule, ta turare ɗaki, ta ma daina harararsa. Sai ruwan ya ƙare, fasinjan kuma ya yi ɓatan dabo. Da ta hango mijinta yana tsayawa kusa da teburin mai shayi, idonsa a kan kwalin taba, hankalinta ya tashi. Ta ɗauki kwalbar da ta ƙare, ta kai hanci.

"Abarba ce da na'ana'a," in ji ta, "sai wani abu mai yauƙi. Mi ke nan?"

Ta jawo kwandonta. Gilisarin ɗin da take sa wa man shafawa, ƙamshin zoɓo, da ɗigon man turare don ya fi na kanti daɗi. Yaya ya zuƙa, hayaƙi ya fito, ta kusa rangaɗa guɗa. Sai dai abin nan da ke kama mai shan taba babu shi a haɗin nata, don haka bai taɓa ƙoshi ba. A tasha zuƙa yake, a kan babur zuƙa yake, ya sallame salla hannunsa na aljihu.

Da damina ta kankama ya fara tari. Busasshe ne da farko, daga baya ya koma irin mai sa mutum dafa bango.

Na ce, "Matar Yaya, anya ba haɗin nan naki ba ne?"

Ta juyo tana riƙe da mazurari. "Hwaɗa mani abu guda da ke ciki wanda ba ki taɓa sha ko shafawa ba."

Gaskiyarta ce, babu. Ta ce sanyin hanya ne ya shige shi. Mu kuwa tun muna yara, in sanyi ya kama ƙirji sirace ake yi: a tafasa ruwa da ganye, a ɗiga man zafi, a lulluɓe mutum da bargo ya shaƙi tururin. Yaya ba ya zama a yi masa, kullum yana hanya. Nan dabara ta faɗo wa Saude, har da tafa hannu. Ga tukunyar sirace a aljihunsa, me ake jira? Ta ƙara man habbatussauda da man zaitun a cikin ruwan, ta lakato man zafi ta narka. Kowane gida a unguwar akwai waɗannan, kuma babu wanda zai ce maka ba magani ba ne. Tari ya ƙaru, ta ƙara mai. Shishar ta riƙa toshewa, ta wanke ta sake ɗurawa. Tana yi tana kaiwa da komowa tsakanin murhu da ƙofa, tana sauraren ƙarar babur ɗinsa.

Wata ranar kasuwa da hantsi, a hanyar Wagini, ya sauka zai tura babur a rairayin rafi kamar yadda ya saba. Bai kai tsallake ba ya zauna a ƙasa, baki buɗe. Fasinjan da ya ɗauka shi ya goyo shi ya dawo da shi gida. Daga asibitin garinmu aka ce mu wuce Katsina.

Likitar da ta duba hoton ƙirjinsa ta tambaya ko yana shaƙar wani abu. Saude ta zuge jaka ta jera kwalabenta a kan tebur, tana bayani dalla-dalla, har da ɗan alfahari, don a ganinta shaidar kula da miji take nunawa. Likita ta ɗaga kwalbar man habbatussauda ta daɗe tana kallo.

"Baiwar Allah," ta ce, "ciki yana narka mai, fata tana shanye shi. Huhu ba ya iya ko ɗaya. In mai ya shiga, kwanciya yake yi ya kumbura wurin. Shi ma ƙamshin zoɓon, don a sha aka yi shi, ba don a ƙona a zuƙa ba. Ko na kantin ban ce miki lafiya ne ba, balle wannan."

"Amma magani ne, likita."

"A cokali."

Na kalli Saude. Hannuwanta na kan cinya, ba sa motsi. Na zo da niyyar in wanke ta tas a gaban kowa, don wallahi zuciyata tafasa take, yayana na kwance da roba a hanci. Da na ga hannuwan nan sai na fasa. Tausayinta ya kama ni, kuma na ji haushin kaina da ya kama ni.

Allah ya yi da sauran kwana, aka sallamo shi. Babur ya koma hannun wani, shishar kuma Saude ta jefa a masai da kanta. Yaya bai taɓa ce mata uffan a kan maganar ba, abin da ya fi yi mata ciwo ke nan. Ta ce mini da zaginta ya yi da ta samu barci. Ba ta bar sana'a ba, ina ta iya? Amma kwanaki wasu samari suka aiko a sayo musu ƙamshin abarba da gilisarin tare, ta bi ɗan aiken har ƙofar gida da muciya.

Makon jiya Malam Manu, dattijon ƙauyenmu, ya zo duba shi. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Yaya ya gyara zama, ya russuna, ya ja iska.

"Baba, an zo lahiya? Ya hanya? Ya gajiya? Ya…"

Nan maganar ta tsaya. Ƙirjinsa na hawa yana sauka, bakinsa na motsi, sauran gaisuwar na nan amma babu abin da zai ɗauko ta. Tsohon ya sunkuyar da kai yana jira.

Saude na bakin murhu, ta ba su baya, tana juya turaren wuta a kasko. Ba ta waiwayo ba.

"Ya iyali, Baba?" ta ce. "Ya ruwa? Ya shanu? Jakin nan ya warke?"

Malam Manu ya amsa su ɗaya bayan ɗaya, yana kallon Yaya.