Ƙanena da famfon unguwarmu

Da na haifi ɗana na uku, ƙanena ya zo suna daga Agadez. Yana aiki a biron kuɗi na jiha, cikin masu tsara kasafin shekara, waɗanda suke zama su raba abin da za a kashe wa lakwal, wato makaranta, da asibiti da ruwa. Ni dai ban gaya wa kowa aikinsa ba. Mijina direban kamiyo ne, babbar motar kaya, ya rantse shi ma bai faɗa ba, amma na san bakinsa in ya zauna a tasha.

Tun kafin ranar suna gidan ya cika da fuskokin da ban sani ba. Wani mai lambu ya kawo kwandon albasa, ya yi mini barka a tsaye, idonsa na kan ɗakin baƙo. Daraktan lakwal ɗin unguwarmu, wanda da ƙyar yake amsa gaisuwata, ya zo da turmin atamfa. Har maƙwabciyata, wata tsohuwa ƴar ƙauyen Dannet da ke kawo mini cuku tun ina da ciki, da ta yi sallama sai da na ce a raina, ke kuma me kike nema?

A lokacin an rufe ɗaya daga cikin ramukan uranium na Arlit, kowa na cewa abin da ke shigo wa jiha ya ragu, dole a soke wasu ayyuka. Shi ya sa shi ma ƙanen nawa ban sake da shi ba. Bayan sallar asuba sai ya fita shi kaɗai. Mata suka ce sun gan shi tsaye a bakin famfonmu da ya daɗe da lalacewa, wata rana kuma a bayan asibiti.

Na tare shi yana haɗa shayi, na ce, "Suna ka zo, ko aiko ka aka yi?"

Ya yi dariya. "Haba Yaya, mutum ba zai miƙe ƙafa ba?"

"A bakin mataccen famfo?"

"Ba ni ke yanke magana ba. Mu dai mu tsara, manya su zauna su sa hannu."

Yana faɗa yana kallon buta. Ranar da zai koma ya roƙe ni in mayar wa darakta atamfarsa. Na mayar, mutumin ya karɓa.

Bayan wasu watanni sai ga ma'aikata sun zo sun gyara famfonmu. Rufin lakwal da darakta ya daɗe yana neman a gyara yana nan yadda yake, famfon unguwar da ke bayanmu ma ba a taɓa shi ba. Matan can suka dawo ɗibar ruwa wurinmu. Wata ta ajiye bidonta kusa da nawa, ta ce, "Sannu Hajiya, ku da kuke da mutum a sama."

Na kira ƙanena a waya. Ya ce tun kafin a ɗauke shi aiki aka sa gyaran a kasafi. Ɗaya daga cikin ma'aikatan kuma ya gaya wa mijina wata ƙungiya ce ta biya, ba jiha ba. Har yau ban san wanne ne gaskiya ba. Masu yi mini godiya ban yarda da godiyarsu ba, masu harara kuma ba ni da abin ce musu. Na daina zuwa famfon, na koma sayen ruwa wurin ƴan garuwa, har yaron ya fara tafiya.