Hita a Shagon Tela

Shekara goma sha ɗaya Inna mai shara ta yi tana aiki a wani bene mai hawa uku, kuma duk lokacin sanyi sai ta yi faɗa da masu shaguna a kan hitar ɗumama ɗaki. Ta san mai jona biyu a soket ɗaya, ta san mai shanya safa a kai. Har suna tsokanarta da Sufeto.

Wata Talata da hantsi tana goge matakala sai ta ji ƙaurin tsumma. Ta ajiye bokiti, ta bi ƙofofi tana shinshinawa. Shagon tela a kulle yake, ya kai matarsa asibiti. Ta ɗora hannu a ƙofar, ta ji ɗumi.

"Maigadi! Kashe wutar benen gaba ɗaya!"

"Inna, masu kwamfuta za su cinye ni ɗanye."

"Su cinye ka! Kashe, ka taho da guduma!"

A bugu na huɗu kwaɗon ya ɓalle, hayaƙi ya turnuƙe su. Bandir ɗin yadi ne ya zame ya jingina da hitar, gefensa har ya yi ja. Maigadi ya ɗauko tukunyar kashe gobara. Ita ta zare fil ɗin, shi ya fesa.

Da tela ya dawo bayan azahar, ya duba yadin da ya ƙone. Can ya ce, "Wallahi Inna, na ɗauka na kashe."

"Cirewa ake yi daga soket, ɗan nan," ta ce tana tari. "Ya mai jikin?"